Musayar Waƙa a Kan Fim Ɗin The Dark Knight: Inda Ya Yi Fice da Inda Ya Gaza

Malam Nasiru:

Assalamu alaikum. Na buɗe wannan musaya a kan The Dark Knight, fim ɗin Batman na 2008, kuma ina roƙon duk wanda zai amsa ya amsa da baiti, ya kawo hujjarsa daga cikin fim ɗin.

Da sunan Allah zan fara zance,
Ya ba ni basira da ƙarfin faɗawa.

Labarin Batman ne a birnin Gotham,
Christopher Nolan ya zauna yana tsarawa.

Kuɗin da ya tara a gidajen kallo,
Sun kai dala biliyan ɗaya har da wucewa.

Amma ni ba kuɗin suka ja ni ba,
Joker ne ya sa ni tsayawa.

Heath Ledger ya shafe fuska da farar hoda,
Ya ja jan baki bisa tabon da ke darewa.

Yana lasar leɓe, yana karkata kai,
Muryarsa tana sauka tana hawa.

Farko ya ce ubansa ne ya tsaga masa baki,
Can ya ce shi ya yi don matarsa ta daina damuwa.

Ya tara tulin kuɗin manyan ɓarayi,
Ya cinna wa rabonsa wuta yana kallon ƙonewa.

Mugun da ba ya neman dukiya ko mulki,
Da me za a saye shi, da me za a yi tsoratarwa?

Ledger ya rasu a watan Janairun shekarar,
Kusan wata shida kafin fim ɗin ya kai ga fitowa.

A 2009 aka ba shi kyautar Oscar,
Uba da uwa da 'yar'uwa suka je karɓawa.

Malama Bilkisu:

Wa alaikumus salam, Malam. Na karɓi baitocinka, sai dai ina da ja.

Malam Nasiru, na ji yabon da ka yi,
Kuma ban ce Ledger bai cancanta ba.

Sai dai yawan hasken da mugun ya samu,
Shi ne aibin fim ɗin da ba ka lura ba.

Da sunan jarumi aka kira mu kallo,
Muka tarar ba shi ke riƙe da akalar ba.

Christian Bale in ya sa rigar jemage,
Sai ya shaƙe murya, wasu kalmomin ban ji su ba.

A liyafar da Bruce, wato Batman, ya shirya wa lauyan birni Harvey Dent,
Joker ya saki Rachel, ƙawar Bruce, ta taga, bai ji tausayi ba.

Batman ya bi ta suka faɗo kan mota,
Baƙin da aka bari da Joker fa? Ba a sake waiwayarsu ba.

Ita Rachel lauya ce mai gabatar da ƙara,
Amma ba a ba ta aikin da ya kai matsayinta ba.

An ajiye ta a tsakanin Bruce da Harvey,
An kashe ta don su fusata, ba don komai ba.

Auwalu:

Anti Bilkisu, ki ba ni dama,
In faɗi abin da ido ya gani a kan hanya.

A Chicago aka ɗauki titunan Gotham,
Gine-ginen da kika gani na gaskiya.

Tirelar da ta yi adungure a titin LaSalle,
Da gaske aka kifar da ita, babu ƙarya.

Asibitin da Joker ya tarwatsa da bam,
Sanye da rigar nas yana ta tafiya,

Tsohon kamfanin alewa ne aka rusa,
Gini kuwa ba a rusa shi sai sau ɗaya.

Da kyamarar IMAX aka ɗauki fashin banki,
Inda ɓarayi ke kashe juna ɗaya bayan ɗaya.

Mai kiɗan fim ɗin, Hans Zimmer, ya ba Joker amo guda siriri,
Da ke ta hawa har ya tsaya maka a wuya.

Malama Bilkisu:

Ƙanena, tirela ta kife, na yarda,
Amma damben ba a ɗauke shi da kyau ba.

Ga duhu, ga saurin yanka hoto,
Wa ya naushi wa, ni ban tantance ba.

Alhaji Habibu:

Na karanta naku duka, Allah ya ƙara basira. A ganina ƙarfin fim ɗin da rauninsa a wuri guda suke zaune, wato a sa'arsa ta ƙarshe, kuma can zan kai ku.

'Ya'yana, ku bar batun murya da tirela,
Ku zo ga jiragen fito biyu mu kwatanta.

Ɗaya na ɗauke da fursunonin birni,
Ɗaya da jama'ar gari da suke neman fita.

Joker ya ɗana bam a kowanne jirgi,
Ya ba kowa makunnin ɗan'uwansa don mugunta.

Ya ce in sha biyun dare ta buga ba a danna ba,
Duka biyun zai aika su cikin wuta.

Jama'ar gari suka jefa ƙuri'a a kai,
Mafi yawa suka ce kashe fursunoni ya halatta.

Wani mai kwat ya miƙe ya karɓi makunnin,
Ya juya shi a hannu, ya mayar, ya kasa aikata.

A ɗaya jirgin wani ƙaton fursuna ya karɓa,
Ya wurga shi ta taga, ya ƙi a cuta.

Nan fim ɗin ya ce talakan Gotham abin yarda ne,
Ko an matse shi ba zai zaɓi ɓata.

To sai ga Harvey Dent, babban mai gabatar da ƙara,
Rabin fuska ya ƙone, zuciya ta lalata.

Yana jefa kwabo sama kafin ya yi harbi,
Ya kama ɗan Gordon, shugaban 'yan sanda, yana shirin hukunta.

Da ya mutu, Batman ya ce a ɗora masa kisan,
Don kada jama'a su ji, imaninsu ya raunata.

Ina tambaya, mutanen da suka ƙi danna makunni,
Su ne ba za su iya jin gaskiya su gaskata?

Alfred ma, hadimin Bruce, ya ƙone wasiƙar Rachel,
Don kada Bruce ya san Harvey ta zaɓa, ya karanta.

Fim ɗin ya yabi jama'a a kan ruwa,
Da aka sauka tudu ya koma ya ƙaryata.

Malam Nasiru:

Alhaji, Allah ya ƙara girma, hujjar ta yi nauyi,
Amma Nolan bai ce ƙaryar abin so ce da yabawa.

Dubi na'urar Batman da ke sauraron wayoyin birni,
Lucius Fox, mai samar masa kayan aiki, ya ce in tana nan, shi aiki zai yi barinwa.

Amurka ta lokacin tana cikin wannan gardama,
Bayan 2001 gwamnati na bin wayoyi tana saurarawa.

Fim ɗin ya nuna jarumi yana ƙetare iyaka,
Ya bar mai kallo da nauyin tantancewa.

A 2012 kuma kashi na uku ya zo,
Sabon mugu Bane ya karanta takardar Gordon, asiri na tonuwa.

Malama Bilkisu:

Malam, shekara huɗu ka sa mu jira hukunci,
Wanda ya sayi tikiti a 2008 bai ga wannan ba.

Na'urar kuwa sai da ta kama Joker aka lalata ta,
Fim ɗin bai nuna wanda ta cutar ba.

Harvey da aka gina tun farko a kan adalci,
Hira ɗaya da Joker a gadon asibiti ba za ta juya shi ba.

Minti 152 aka ba wannan labari,
Faɗuwar Harvey ba ta samu rabon da ya ishe ta ba.