Jaridar ɗalibai ce ko takardar sanarwar Lahadi?

Ɗan Kakuri: Jama'a, raina a ɓace yake. 'Yar yayata tana karatu a wata kwalejin Katolika a Amurka. Ta rubuta labari a jaridar ɗalibai kan ƙarin kuɗin ɗakin kwana, ga rufin yana yoyo har sai an tara bokiti. Waya ɗaya aka bugo daga ofishin kula da ɗalibai, edita ya zare labarin. Ni dai na ce jaridar makarantar mishan ba jarida ba ce, takardar sanarwar Lahadi ce.

Maman Biyu: Baban yara, wace ce kuma makarantar mishan? Ka ɗauka firamaren ƙauye ce mai katikis? Jami'ar Katolika ta Notre Dame da ke Amurka ma tun 1967 limamai suka shigo da waɗanda ba limamai ba cikin hukumar gudanarwarta.

Ɗan Kakuri: Ni ban ce Notre Dame ba.

Bazazzagi: Wanda ya kafa shi ke da ita, Mama. Ko a 1990 Paparoma John Paul na Biyu ya fitar da takardar Ex Corde Ecclesiae, cewa jami'ar Katolika ta tsaya a kan Katolikancinta. In ba mishan ba, mene ne sunan wannan?

Maman Biyu: Ka karanta takardar, ko sunan kawai ka haddace?

Malamin Jarida: Ku dawo kan magana. Tsarin mulkin Amurka gwamnati ya hana toshe bakin jarida, bai ɗaure makaranta mai zaman kanta ba. Abin tambaya shi ne wa ke biyan kuɗin bugu. Jaridar ɗalibai The Heights ta Boston College, makarantar limaman Katolika 'yan Jesuit, ta fara fita a 1919, ta raba gari da hukumar makarantar a 1971, ta koma nema wa kanta kuɗi da talla. Ita jaridar 'yar taku, daga aljihun wa take ci?

Tsohon St. John's: Ku masu zagin mishan, wa ya koya wa iyayenku boko? St. John's ta Kaduna da gwamnati ta karɓe aka mai da ita Rimi College, je ku ga yadda ta koma. Queen of Apostles ma haka, ta zama Queen Amina.

Bazazzagi: Baba, da girmanka. Barewa ba ta mishan ba ce, kuma shugabannin ƙasa ta yaye.

Tsohon St. John's: Yaro, lokacin da muke lallasa ku a filin ƙwallo ba a haife ka ba.

Bazazzagi: A kawo sakamakon wasan mu gani.

Maman Biyu: Ni har yanzu ina jira a janye kalmar nan. Da raini aka faɗe ta.

Ɗan Kakuri: Yarinyar fa? Labarinta fa?

Malamin Jarida: Na tambaye ka wa ke biyan kuɗin bugu, ka yi shiru.

Ɗan Kakuri: Sai na tambaye ta, yanzu dare ne a can.

Tsohon St. John's: A matsayina na babba a nan, bari in taƙaita. An yarda cewa makarantun Katolika ba su da na biyu wajen tarbiyya, kuma karɓe su da gwamnati ta yi kuskure ne. Bazazzagi bai kawo hujja ko ɗaya ba. Ita kuwa yarinya, karatu aka tura ta, ta bar wa masu gyara maganar rufi. Na rufe.

Bazazzagi: Wa ya yarda?