Yarona na son in kai shi silima, Baba kuma bai manta dorinar 1983 ba

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, a yi haƙuri da tsawon zance.

Babban ɗana shekararsa goma sha ɗaya. Ɗan ƙanwata ya zo mana hutu daga Kano ya cika masa kunne da labarin silimar zamani, wai ɗaki ne mai sanyi, kujeru masu laushi, ana cin gugguru ana kallo. Tun daga nan yaro ya hana ni sakat. Ni kuma da suɓutar baki na ce in ya shiga ukun farko a jarrabawa zan kai shi idan mun je Kano bayan Sallah. Ya zo na biyu. Ya miƙo mini takardar sakamako ya tsaya yana kallona.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen Baba. Gida ɗaya muke a Ƙofar Marusa cikin Katsina, ya haura shekara tamanin. Yaro da murnarsa ya je ya faɗa wa kakansa. Baba ya aiko a kira ni, ya ce, “Kai da na daka a kan silima, kai ne yau za ka kama hannun jikana ka kai shi?” Bai ƙara ko kalma ba, ya ci gaba da jan carbinsa.

Kuma gaskiya ya daka ni. A 1983 ne, lokacin Katsina na cikin jihar Kaduna, ina aji shida. Na yi sati uku ina tara kuɗin tara. Ran nan ni da abokina muka tsallake makarantar dare, muka ɓoye allunanmu a wani kango. Silimar ba ta da rufi, doguwar katanga ce kawai, in ka ɗaga kai taurari za ka gani. Masu ƙaramin tikiti benci ake ba su can gaba, sai ka tanƙwashe wuya kafin ka ga kan akta. Haske ya ratso ta saman kawunanmu, hayaƙin taba da ƙwari na yawo a cikinsa. Fim ɗin 'yan Chana ne. Da akta ya yi tsalle ya ɗago ƙafa, ga fuskarsa ta fi ƙofar zaurenmu girma, sai na faɗa ƙarƙashin benci, na zata ni zai haura. Sau biyu zaren fim na tsinkewa, wuri ya kaure da ihu da fito, ana zagin mai na'ura har kakanninsa. Wallahi har yau ban yi kallon da ya kai na daren nan daɗi ba. Na taho ina gwada faɗa da iska a lungu, ina shiga zaure na tarar da Baba zaune, fitilar ƙwai a gefe, dorina a kan cinya. Ashe Kawu ya riga ni isowa da labari. Kwana uku rub-da-ciki nake kwana.

To yanzu in saɓa wa yaro alkawari, ko in saɓa wa Baba? Ko in kai shi a ɓoye tunda a Kano ne? Uwarsa ta ce ba ruwanta, ni na ɗauko.

Dattijon Rafindadi:
Wa alaikumus salam. Ɗana, fara gano mi mahaifinka ke ƙi tukuna. Mu da muka tashi zamanin Sarki Usman Nagogo ai mun sha kallo, shi ma na tabbata ya sha. Majigi kan zo Kangiwa, filin ƙofar Sarki, mota ce da injinta, a kafa farin ƙyalle, bayan isha'i gari ya fito, dogarai na gyara wa mutane zama. A nuna Baban Larai da noman audugarsa, a nuna tsabtar rijiya, a nuna hawan dabar da aka yi wa Sarauniyar Ingila a Kaduna a 1956, wani na bayani da lasifika. Ban taɓa jin uban da ya bugi ɗansa don majigi ba. A ƙofar Sarki aka yi shi, kyauta, kowa na ganin kowa. Silima ita ce ta kuɗi, ta dare, bayan katanga, ga 'yan caca da masu shaye-shaye a bakin ƙofa. In an ce yaro ɗan silima ne, to an gama zaginsa, ko aure ya je nema sai an tono. Wannan wurin ne ke cikin kan mahaifinka. Ka same shi bayan la'asar, kar ka ambaci silima, ka tambaye shi labarin majigi. Ka bar shi ya yi ta zuba.

Malamar firamare, Daura:
Ku dai maza kun sha daɗinku kun sha dukanku. Mu ko dukan ba mu samu ba, don mace a gan ta a bakin silima sunan gidansu ya ɓaci kenan. Yayanmu ne silimarmu. In ya dawo sai mu kewaye shi a tsakar gida, shi ne Dharmendra da suke ce wa Sarkin Ƙarfi, shi ne bos, shi ne budurwar, har waƙar yake yi da Indiyancin da ya ƙaga, Inna na korarmu tana dariya. Sai da bidiyon kaset ya shigo gidaje na ga abin da idona, na tarar rabin labaran nasa ƙari ne. Shawarata, Malam, kar ka kai shi a ɓoye. Yaro ɗan sha ɗaya ba ya riƙe sirri, kafin ku sauke jaka ya faɗa wa kakansa. In kuma ya riƙe, to ka koya masa ɓoye wa babba abu, kuma a kanka zai fara gwadawa.

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Yallaɓai tambaya ɗaya gare ni. Ka ce katangar doguwa ce, dare ne kuma. To shi Kawu a ina ya tsaya ya gan ka?

Malamin Islamiyya, Sabon Layi:
Allah ya saka da alheri da ka damu da haƙƙin mahaifi. Amma alkawarin yaro ma ba abin wasa ba ne. Ya zo a hadisin Abu Dawuda cewa wata mata ta kira ɗanta ta ce zo in ba ka wani abu, Annabi (SAW) ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino, ya ce da ba ta ba shi komai ba da an rubuta mata ƙarya. Don haka kar ka share zancen kamar ba a yi ba. Ka nemi yardar Baba da lallashi. In ya amince, kai ka fara bincika fim ɗin, ka zaɓi na yara, ku shiga da rana, ka duba kar ya ci muku sallah. In ya ƙi, maganarsa ce a gaba. Sai ka zaunar da yaro ka faɗa masa gaskiyar dalili, ku sasanta a kan wani abin da shi ma ya yarda, ko gidan zoo na Audu Bako ne. Kar dai ka ce masa an rufe silimar ko ba kuɗi.

Hajiya, Saulawa:
Ni ban ga abin shawara a nan ba. Tsoho ya nuna ba ya so, shi kenan. Kwana nawa ya rage masa da za a ɓata masa rai saboda gugguru? Ka saya wa yaro keke.

Ɗalibi, Tudun Wada:
Da girmamawa Hajiya, yaron nan in yana taɓa wayar gidan ya riga ya ga abin da ya fi na silima. Ku je shagon masu turi ku ga yara sa'o'insa da memori a hannu, ana loda musu Indiya-Hausa ba mai tambayar shekarunsu. Gara wanda uba ke zaune a gefe.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba na Rafindadi, na bi maganarka. Jiya bayan la'asar na kai wa Baba goro na ce wai mene ne majigi. Sai da aka kira magariba muka tashi. Har yadda suke zagayawa bayan ƙyallen su ga ko mutanen na ciki ya ba ni labari, yana dariya har da tari. Daga nan na nuna masa hoton ɗakin kallon a waya. Ya daɗe yana dubawa, ya ce da rana ake shiga? Na ce da rana. Ya ce ana shan taba? Na ce an hana. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Cewa ya yi in kawo masa sunan fim ɗin da abin da ke ciki, sannan ya ji.

Ɗan Ƙofar Ƙaura, Allah ya shirye ka, shekara arba'in da wani abu ban taɓa kawo wannan a raina ba. Na buga wa Kawu waya na tambaye shi. Ya yi dariya har wayar ta faɗi. Ya ce yana kujerun baya na masu kuɗi, ya hango ni lokacin da zare ya tsinke aka kunna fitila, ya zata ni ma na gan shi, shi ne ya bar ƙarshen fim ya ruga gida don ya riga ni. Wai har yau bai san yadda aka ƙare da bos ba, in na tuna in faɗa masa.

Malama ta Daura, ga wata sabuwa kuma. Ƙannen yaron mata biyu sun ji labari, kuma babbar ta zo ta ɗaya a ajinsu.