Jitar da na haɗa ta tsage da shigowar hunturu: laifin katako ne ko na gam?

Ɗan Koyo, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu aikin katako. Ina neman shawara kan jita irin mai tsirkiyar roba guda shida. Na manna fuskarta da bayanta a watan Agusta, gaba ɗaya da madaci, kaurin fuskar milimita 4. Yanzu Disamba ta tsage daga ƙasan jaki, wato katakon da ake ɗaura tsirkiyoyi a kan fuskar, har gindi, ƙarafan wuya kuma, waɗanda ake danna tsirkiya a kansu, sun leƙo gefe suna yankar hannu. Sannan idan na danna tsirkiya a ƙarfe na 12, sautin ya fi yadda ya kamata tsini, wato ya hau sama. Ina son in gyara wannan, in kuma fara ta biyu ba tare da maimaita kuskuren ba. Ta ina zan kama?

Kafintan Jega

Wa alaikumus salam. Malam, gam bai yi maka laifi ba, lokacin da ka manna ne matsalar. A Agusta iska cike take da laima, katako ya sha ya kumbura. Ka manne shi a haka da sandunan ciki waɗanda zarensu ya gitta na fuskar. Katako a faɗi yake ƙanƙancewa, a tsawo kusan ba ya motsi. Da hunturu ya busa, fuskar da faɗinta ya kai santimita 36 tana neman ta ja da milimita 3 ko fiye, sandunan sun riƙe ta, sai ta tsage a inda ta fi rauni. Ƙarafan wuya ma labarin ɗaya ne: allon wuyan ya ja, ƙarfe bai ja ba. Ka goge bakinsu da zarto mai laushi yanzu da ake cikin bushewa, ba za su sake leƙowa ba.

Masu ƙera jita suna manna fuska a danshin iska na kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari. A nan wajenmu damina kan wuce 70, tsakiyar hunturu kuma ya faɗi ƙasa da 20. Saboda haka ka yi yanka da fiƙa da lanƙwasa duk lokacin da ka samu sarari, amma manna sanduna da rufe akwatin ka bari sai ƙarshen kaka, wajen Nuwamba. Ka sayi ɗan agogon auna danshi ka rataya a ɗakin aiki, ranar da ya nuna 35 zuwa 40 ita ce ranar gam. Jitar da aka rufe a ɗan bushe, in damina ta zo cikinta zai ɗan tasa, tsirkiya ta yi sama kaɗan, amma ba ta tsagewa.

Gyaran tsagar: sassauta tsirkiyoyi duka. Sa jitar cikin babbar leda tare da jiƙaƙƙen soso a kwano, kada ruwan ya taɓa katako, kwana uku zuwa biyar har bakin tsagar ya haɗu. Shafa farin gam na kafinta da yatsa, kana ɗan tura fuskar daga ciki don ya shige. Bayan ya bushe, manna ƙananan faci na katako ta ciki, kowanne kamar farcen babban yatsa, tazarar santimita 4, zarensu ya gitta tsagar. Gam ɗin roba na masu takalmi kada ya kusanci jita, ba ya taurara, yana miƙewa a hankali a ƙarƙashin jan tsirkiya.

Malamin Lissafi, Zuru

Abin da Kafinta ya faɗa haka yake. Ni zan taɓa maganar sautin. Ka ɗauko rular ƙarfe, ba tef ɗin tela ba, ka auna daga ƙashin sama, wato wanda tsirkiyoyi ke hawa a ƙarshen wuya, zuwa tsakiyar ƙarfe na 12. A jita mai tsawon tsirkiya milimita 650, dole ya zama 325 daidai. In haka ne, to ƙarafan ba su da laifi, jakin ne.

Ana yawan dasa ƙashin jaki, wanda tsirkiyoyi ke hawa a kan jakin, a 650 cif, kuma nan kuskuren yake. Duk lokacin da yatsa ya danna tsirkiya yana ƙara mata ɗauri, sautin ya hau. Shi ya sa ake ja da ƙashin baya da kamar milimita 2, wato 652. Tsirkiya mai nisa da wuya tana ƙara tsananta abin, don haka auna tazarar da ke tsakaninta da ƙarfe na 12: milimita 4 a mai kauri ta sama, 3 a siririya ta ƙasa. In ta wuce haka, rage tsayin ƙashin jaki. Duk milimita 2 da ka cire a can yana sauke 1 a ƙarfe na 12.

Ga jita ta biyun, raba tsawon tsirkiya da 17.817, abin da ya fito shi ne nisan ƙarfe na farko daga ƙashin sama. Cire shi, sake raba ragowar da wannan lamba, ka haɗa abin da ya fito da nisan baya, haka har ƙarshe. A 650 za ka samu na 1 a 36.5, na 2 a 70.9, na 3 a 103.4, na 5 a 163, na 7 a 216.2. Kowanne ka auna shi daga ƙashin sama, ba daga maƙwabcinsa ba, domin kuskuren rabin milimita in ya taru sau goma sha biyu ya lalata wuyan. Yi alama da bakin reza, fensir ya yi kauri. Zarton da zai yanka gurbin kuma kaurinsa ya zama kusan milimita 0.6, in ya fi haka ƙarfen zai riƙa tashi.

Baba Mai Molo, Yauri

Yarona, milimita 4 ɗin nan ta dame ni fiye da tsagar. Fuskar jita ita ce fatar molo: in ta yi kauri, murya ta mutu a ciki. Sauke ta zuwa 2.5, gefuna ma ƙasa da haka kaɗan. Antonio de Torres na Sifen, wanda ya daidaita siffar jitar da ake bi har yau, a 1862 ya yi wata da bayanta da gefunanta na kwali, don ya nuna cewa fuska ce ke magana. Tsarinsa na sanduna bakwai da suka bazu kamar mafici a ƙarƙashin jaki shi za ka bi, kowace faɗinta wajen milimita 6, tsayi 3 zuwa 4, a fiƙe bakunanta.

Madaci yana da kyau ƙwarai a wuya da baya da gefe. A fuska ma yana yi, sai dai muryarsa a lulluɓe take. In ka samu farin katako mara nauyi irin na akwatunan da ake shigo da kaya, mara ƙulli, shi ya fi amo. Dubi bakin allon: layukan su tsaya a tsaye kamar haƙoran mataji, ba a kwance ba. Irin wannan yanka ya fi ƙarfi, motsinsa da sauyin yanayi kuma kusan rabin na ɗayan ne. Riƙe shi da yatsu biyu kusa da kunne ka ƙwanƙwasa. Wanda ya yi ƙara ya ɗan daɗe shi ne naka. Allon wuya da jaki suna son itace mai tauri, kanya ko kirya. Madobiya ta fi su kyau, amma an sare ta har ta shiga jerin itatuwan da aka taƙaita cinikinsu a duniya, don haka sai dai ka samu a tsohuwar ƙofa ko gado.

Gefuna: kauri milimita 2, fesa ruwa kaɗan, lanƙwasa a kan bututun ƙarfe da aka zuba wa garwashi. In ɗigon ruwa ya yi rawa a kansa ya ɓace, zafi ya yi. Kada ka tilasta, za ka ji katakon ya saki da kansa a hannunka. Wajen matsewa, tsohon tif na babur da aka yanka siri-siri ya isa.

Ƙashi kuwa, je mahauta ka karɓi na ƙwaurin sa, dafa shi da garin sabulu, shanya a inuwa har maiƙon ya fita, in ba haka ba zai jiƙa katako ya hana gam kamawa. Tsirkiyoyi uku na ƙasa, igiyar fatsa ta masunta tana yi: mai kaurin milimita 0.7 da 0.8 da 1.0. Ukun sama masu naɗin waya sai an saya. Kada ka ɗaura na ƙarfe a kan wannan gini, jansu ya kusa ninka na roba, zai tumɓuke jakin.

Ɗan Koyo, Birnin Kebbi

Allah ya saka da alheri, Baba da malamaina. Na auna: ƙarfe na 12 yana 325, ƙashin jaki yana 650, tazarar tsirkiya mai kauri kuma 6. Ke nan sai na ɓamɓare jakin gaba ɗaya?

Malamin Lissafi, Zuru

A'a, bar shi a inda yake. Fara rage ƙashin da milimita 4 in tsayinsa zai ba ka, ka saurara. In har yanzu da tsini, cike gurbin ƙashin da siririn katako, ka yanka sabo milimita 2 a bayansa. Amma tsagar za ka fara ɗinkewa kafin ka sake ɗaura tsirkiya.