Musayar Waƙa: Shin Nauyi Yana Yoyo?

Malam Idi:
Salamu alaikum 'yan zaure. Ƙwar biyu ce, amsa-amonta "ba".

Tsawo da faɗi da zurfi, jiha uku,
Lokaci na huɗu, ban san ƙari ba.

Masani Kaluza a 1921 ya ce akwai ta biyar,
Masani Klein ya ce a naɗe take, ido bai kai ba.

In akwai wata babba, nauyi mai janmu ƙasa
Zai yi yoyo cikinta, ba zai tsaya ba.

'Ya'yana, ku nuna mini shaidarta,
Alli da allo ba su ishe ni ba.

Binta:
Baba Malam, shaida a sama ake nema,
Gun taurari biyu da ba su rabu ba.

Masana Hulse da Taylor, 1974, da na'urar Arecibo,
Suka gano wasu da ba a sani ba.

Ƙasa da awa 8 suke zagaye juna,
Suna ta matsowa, ba su fasa ba.

Einstein da jiha uku ya yi lissafi,
Aka auna matsowar, bai kauce ba.

Garba:
Ƙanwata, ai waɗannan maƙwabta ne,
Ba su bar gungun taurarinmu ba.

Tulu mai yoyo sai tafiya ta yi nisa,
A bakin rijiya ba za ki gane ba.

Binta:
Yaya Garba, to ga doguwar tafiya,
17 ga Agustan 2017, ban manta ba.

Taurarin niyutiron biyu, ragowar waɗanda suka fashe, suka gwabza,
A gungun taurari NGC 4993, ba nan kusa ba.

Shekarun haske wajen miliyan 130,
Na'urar LIGO ta ji girgizar nauyi, ba ta makara ba.

Bayan daƙiƙa 1.7 sai ga hasken gama mai ƙarfi,
Na'urar Fermi ta sararin sama ba ta rasa shi ba.

Da nauyi ya zurare wata jiha a hanya,
Da ya iso a galabaice, ba da ƙarfinsa ba.

Sai a zaci wurin ya fi haka nisa,
Nisan haske ya ce, ba haka ba.

Aka jera awon nan biyu, suka dace,
Nauyi ya iso bai zube ba.

Garba:
Na yarda babbar jiha ta sha ƙasa,
Amma ta Klein ba ki taɓa ta ba.

Ƙanƙanuwa ce, girgizar ta wuce ta,
Ko gaisawa ba su yi ba.

Malam Idi:
Garba ya yi gaskiya, Binta ta ci,
Ta Klein ba a yanke mata hukunci ba.

Sai dai 'yata, NGC 4993 ɗin nan,
Bai bar miki karin waƙa lafiya ba!