i7 da RTX 4050, ko i5 da RTX 4060? Ku ba ni shawara kafin Asabar

Ɗan Ƙofar Mata

Assalamu alaikum jama'a. Wata goma sha ɗaya ina tara kuɗi, alawus ɗin bautar ƙasa da ɗan abin da nake samu a haɗa bidiyon biki, yanzu dai sun kai na laftof ɗin gem. Jiya na zagaya Farm Center har ƙafata ta gaji, na tsaya a kan guda biyu, kuɗinsu kusan ɗaya. Ta farko furosesarta Core i7-13620H ce, katin girafik RTX 4050, RAM 16GB. Ta biyu Core i5-12450H da RTX 4060, amma RAM ɗinta 8GB kacal. Mai shagon ya ce in ɗauki ta farko, wai i7 babban yaya ne, i5 ta 'yan makaranta ce. Ni kuma zuciyata tana kan ta biyu, sai dai ina tsoron kada i5 ɗin ta riƙa jan ƙafa. Abin da nake bugawa: EA Sports FC 25, Warzone, GTA V, wani lokaci Football Manager. Kuɗin nan ba zan sake tara irinsu nan kusa ba, don Allah a taimaka.

Mai Sukurdireba

Wa alaikumus salam ƙanena. Shekara tara ina buɗe cikin laftof, ɗauki ta biyu.

Mai shago ba ƙarya ya yi ba, i7-13620H ta fi ƙarfi: kwakwalwa 10 (cores, wato sassan da ke yin lissafi) gare ta, i5-12450H kuma 8, huɗu manya huɗu ƙanana. Amma ka tambayi kanka wa ke ɗaukar kayan idan gem yana tafiya. Furosesa lissafi take yi, ina ƙwallo ta nufa, wa ya harbi wa. Katin girafik shi ke zana duk abin da idonka ke gani, ciyawar fili, inuwa, hayaƙi, sau sittin ko fiye a kowace daƙiƙa. A yawancin manyan gem na yanzu katin ne ke fara gajiya, furosesa tana zaune tana jiransa. To me za ka yi da ƙarin kwakwalwa biyu masu zaman jira?

Inda bambancin ya fi ciwo shi ne ma'ajiyar katin. RTX 4050 na laftof 6GB gare shi, RTX 4060 kuma 8GB. Idan gem ya cika 6GB ɗin nan za ka ga hoto yana tsinkewa, bango ya koma kamar an shafe shi da laka, dole ka sauke saiti. Kuma wannan ba abin da za ka kawo mini in ƙara maka ba ne. Kati da furosesa duk a liƙe suke jikin allon injin, yadda ka saya haka za ku rabu. RAM kuwa yawanci minti goma ne aikinta. Ka sa a buɗe a gabanka a ga ko akwai gurbi na biyu, ka ƙara wata 8GB. Sanda biyu ma sun fi sanda ɗaya gudu, Warzone zai gaya maka.

Abu ɗaya kada ka manta, shi ne wat. Sunan RTX 4060 ɗaya ne, amma kamfani na iya ba shi wuta daga wat 35 har 115, in an yi ɗan ƙari wasu su kai 140. Siririyar laftof mai 4060 a wat 45, RTX 4050 mai cikakkiyar wuta na iya kamo ta. A kwali ba kasafai ake rubutawa ba. Ka ce a kunna maka, ka shiga NVIDIA Control Panel, ka danna System Information, ka nemi layin Maximum Graphics Power. In ka ga 100 ko sama, biya kuɗinka.

Kocin Falo

Malam Mai Sukurdireba, a yi mini afuwa, ban yarda da duka ba. Ya ambaci Football Manager ai. Wannan gem ɗin babu ruwansa da kati, furosesa yake ci. Ni na loda gasar Ingila da Sifaniya da Italiya da Jamus har ƙananan rukunoni, kafin mako ɗaya na wasa ya wuce na haɗa shayi na sha. Counter-Strike 2 da Valorant ma sun fi jingina da furosesa. Ga kuma haɗa bidiyo da ya ce yana yi. Ba don FC da Warzone ba, ni i7 ɗin zan ce.

Mai Sukurdireba

Koci, gaskiyarka a kan Football Manager. Amma cewa ya yi "wani lokaci". Kuma i5 ɗin nan ba gurguwa ba ce, manyan kwakwalwarta huɗu za su riƙe shi, sai dai ya rage ƙasashen da yake lodawa, ba kamar wasu ba. Batun bidiyo kuwa, katunan RTX suna da nasu ɓangaren matse bidiyo da ake kira NVENC, kuma DaVinci Resolve kati yake so fiye da komai. Nan ma mai katin 8GB ta ci.

Anti Ummi

Ɗana, bari in ƙara abin da ya same mu. Na saya wa ƙanena wata mai tambarin i7 babba, muna ta murna, ashe lambarta da harafin U ta ƙare, irin ta ofis mai wat 15, don tanadin batir aka yi ta. Gem ya ƙi tafiya, yaro ya yi kwana biyu ba ya gaishe ni. Naka biyun duk H ne, wannan ka tsira, amma daga ranar na daina kallon i5 da i7, lambar gaba da harafin ƙarshe nake karantawa.

Sai maganar wuta, da ba wanda ya taɓo. Waɗannan injinan a kan batir rage ƙarfi suke yi sosai, sai an jona caja suke nuna kansu, cajar kuma ta kan kai wat 170 zuwa 230. In ƙaramar inbata gare ku a gida, yi lissafi tun yanzu. Zafin Afrilu a Kano kuwa ya haura digiri 40, injin da ya yi zafi da kansa yake rage gudu. Kada ka ɗora ta a kan katifa, kuma bayan hunturu a buɗe a share ƙurar fanka.

Ɗan Ƙofar Mata

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yau da safe na koma. Da na ce a buɗe mini System Information sai mai shagon ya dube ni ya ce wa ya aiko ka. Ta i5 ɗin wat 115 ta nuna, ta i7 kuma 75. Akwai gurbin RAM na biyu, babu komai a ciki. Na biya, ya sa mini ƙarin 8GB a gabana, DDR5 iri ɗaya da ta ciki. Koci, na fara da Ingila kaɗai, sai ruwan shayi ya tafasa in ƙara Sifaniya. Anti Ummi, na duba cajar, wat 170 ce, inbatarmu kuma da firij take fama. Wa ya san inda ake sayar da UPS mai ɗan ƙarfi da sauƙi?