Wace kalma za mu bai wa BIM da Hausa?

1/ Malaman zanen gine-gine da ɗalibanku na Zariya, Kano da Wudil, ku matso kusa. Kalmar BIM ta shiga azuzuwanmu ta zauna daram, amma har yau ba mu raɗa mata suna ba. Gajartawar Building Information Modeling ce, wato tsara gini a kwamfuta tare da bayanan kowane sashe nasa. Matsalar farko, ka faɗe ta a wurin gini, birkila zai ɗaga kai sama yana neman bim ɗin kankare da ke kan pila. Wannan kaɗai ya isa dalilin nema mata suna.

2/ Shawarar da ta fi yawa ita ce "zanen gini a kwamfuta". Ban yarda da ita ba. Wannan aikin manhajar AutoCAD ne, wadda ta fito tun 1982: layi kake ja, kwamfuta ba ta san ko bango ne ko hanyar ruwa ba, kai ka sani a ranka.

3/ A Revit ko ArchiCAD kuwa, manhajojin da ake yin BIM da su, ba layi ake ja ba. Bango kake kafawa, kuma bangon ya san kansa: bulo mai inci 9 ne, tsayinsa mita 3, an yi masa filasta ciki da waje. Ɗalibi ya ɗauko taga ya dasa a jikinsa, bangon ya huda kansa da kansa. Ya matsar da tagar gefe, nan take ta matsa a taswirar ƙasa, ta matsa a zanen fuskar gini, ta matsa a zanen da aka tsaga ginin gida biyu. Ya goge ta, jadawalin tagogi ya ragu da ɗaya, faɗin bango ya ƙaru, lissafin bulo ya biyo baya, kusan bulo 10 a kowace murabba'in mita. Injiniyan ruwa ya kawo nasa aikin a haɗa, manhaja ta nuna inda bututu ya ci karo da ƙarfen gini tun kafin a sayi buhun siminti ɗaya. Duk sunan da bai ɗauki wannan ba, bai kama zuciyar abin ba.

4/ "Hoton gini" ma ya faɗi. Hoto shi ne abin da manhajar Lumion ko Enscape ke fitarwa, da ciyayi kore shar da mota a ƙofar gida, don mai gida ya gani ya saki kuɗi. Ɗalibai sun riga sun ce masa "renda", a bar musu. Abin da ke damuna shi ne yadda da yawansu ke kwana a kan renda, su bar bangon ba bayani ko ɗaya. In muka sa hoto a cikin sunan, mun ƙara tura su can.

5/ "Samfurin gini" ya fi kusa, sai dai samfuri a kunnen Bahaushe abin da ɗan kasuwa ke nuna maka ne kafin ka sayi kaya.

6/ Ga tawa: KUNDIN FASALIN GINI. Fasali ya ɗauki siffa da awo, kundi ya ɗauki bayanan da aka tara wuri guda, wanda kowa ke komawa gare shi, mai zane, injiniya, mai ƙiyasin kuɗi, har wanda zai kula da ginin bayan an tare. Haka ma ake nufi da BIM tun asali: masanin zanen gini Charles Eastman ya kawo tunanin a Amurka cikin shekarun 1970, gwamnatin Birtaniya ta wajabta shi a ayyukanta daga 2016, sannan ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai suna ISO 19650 ta fito a 2018, kuma kan sarrafa bayanai take magana. Wani zai ce ai kundi takarda ne. To shafi ma na takarda ne, ga shi muna cewa shafin intanet ba wanda ya ɗaga gira. A aji sai a taƙaita: "ka haɗa kundin?", "kundinka ba tsani".

7/ Saura ɗaya da ban yanke ba. Abin da Revit ke kira family, wato rukunin ƙofofi ko tagogi masu tsari ɗaya da girma daban-daban, "dangi" za mu ce ko "iri"? Ni na karkata ga dangi, don cikin dangi ɗaya akwai iri-iri. Masu koyar da shi a aji, wanne ya fi zama a bakin ɗalibanku?