Shin karya dokar kulle da manyan gwamnati suka yi ƙaramin laifi ne?

Barista: Jama'a, ina da ra'ayin da na san da yawa daga cikinku ba za su karɓa ba. A ganina, hayaniyar da aka yi a kan manyan gwamnati da suka saɓa dokar zaman gida lokacin annobar korona ta fi ƙarfin laifin da suka aikata. Mu ɗauki Dominic Cummings, babban mai ba Firaministan Birtaniya Boris Johnson shawara a wancan lokaci. An sanar da kulle a ranar 23 ga Maris 2020, bayan 'yan kwanaki matarsa ta kwanta rashin lafiya, shi kuma ya kwashi iyalinsa daga Landan zuwa gonar iyayensa a Durham, tafiyar kusan mil 260, domin a cewarsa idan ciwon ya kayar da su duka biyun a samu dangin da za su riƙe ɗansu mai shekara 4. Dokar ta bar ƙofa ga mai uzuri na hankali, kuma 'yan sandan Durham ba su ci shi tara ba. Wane uba ne a cikinmu ba zai yi irin wannan tunani ba?

Malamar jinya: Barista, ka faɗi rabin labarin ka bar rabi. A ranar 12 ga Afrilu Cummings ya tuƙa mota zuwa garin Barnard Castle tare da matarsa da ɗansa, kuma da ya zauna gaban 'yan jarida a lambun Downing Street, wato gida kuma ofishin Firaminista, ranar 25 ga Mayu, uzurin da ya bayar shi ne yana gwada lafiyar idanunsa ne kafin ya tuƙa mota ya koma Landan. 'Yan sandan da ka ambata su ma sun ce mai yiwuwa wannan tafiya ta biyu ta saɓa doka, ko da yake ƙaramin saɓo ne. Amma ba nisan tafiyar ne ya dame ni ba. Na yi aiki a sashen masu korona, kuma na sha riƙe waya a kunnen mara lafiya domin 'ya'yansa su yi masa bankwana, saboda an hana su shigowa. Waɗannan mutane su ma suna da uzuri, uzurin da ya fi na Cummings nauyi nesa ba kusa ba, amma suka haɗiye shi saboda an gaya musu rayukan wasu sun rataya a kan haƙurinsu. Mutumin da yake zaune a ɗakin da ake tsara wannan saƙo shi ne ya fassara dokar yadda ta yi masa daidai.

Barista: Malama, ina girmama abin da kika gani, kuma ba na raina shi ko kaɗan. Sai dai kotu ba ta auna laifi da zafin da ke zuciyar masu kallo. Idan doka ɗaya ce ga kowa, to babba ba zai sha hukuncin da ya fi na ƙarami ba. Johnson ya biya tarar fam 50 a Afrilun 2022 saboda taron zagayowar ranar haihuwarsa da aka yi a Yunin 2020, haka ma Rishi Sunak, ministan kuɗinsa a lokacin. An ci su tara, sun biya, kamar yadda aka yi wa dubban mutane.

Malamin makaranta: Ranka ya daɗe, a nan ne hujjarka ta yi rauni, domin hukuncin bai zo daidai ba. A Ingila an sa tarar fam 10,000 a kan wanda ya shirya taron da ya wuce mutum 30, kuma akwai ɗaliban jami'a a Nottingham da aka ɗora musu wannan kuɗi nan take. Su kuwa tarukan Downing Street, an yi wata da watanni ana yinsu a ginin da 'yan sanda ke gadin ƙofarsa dare da rana, ba wanda ya ɗaga musu yatsa, sai da jaridu suka tona asirin a ƙarshen 2021. Da aka yi bincike, 'yan sandan Landan sun ba da takardun tara 126 ga mutum 83. Wannan adadi ya wuce a kira shi kuskuren dare ɗaya. Hausawa sun ce mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi, to a nan ma'aikatar da ta kafa dokar ce gaba ɗayanta take gyangyaɗi. Kuma ban manta cewa an yi ɗaya daga cikin waɗannan shagulgula a ranar 16 ga Afrilu 2021 ba, jajibirin jana'izar Yarima Philip, mijin Sarauniya, wadda aka taƙaita ta ga mutum 30, har Sarauniya Elizabeth ta zauna ita kaɗai a cocin Windsor.

Wani ɗan jarida: Ni ina tsakiya, kuma ina son in ƙara wa Barista hujjar da bai kawo ba. Fuska biyu ba ta tsaya ga masu mulki kaɗai ba, masu sukar su ma suna da tasu. Lokacin da aka ga jagoran adawa na wancan lokaci, Keir Starmer, yana cin abinci da shan giya tare da ma'aikatan jam'iyya a wani ofis a Durham a Afrilun 2021, waɗanda suka fi kowa ɗaga murya a kan Johnson sai suka yi tsit, waɗanda suka kare Johnson kuma suka zama masu kishin doka rana tsaka. 'Yan sanda sun bincika sun wanke Starmer a Yulin 2022, amma kowane ɓangare ya riga ya yanke hukuncinsa tun kafin binciken. Haka aka yi a Amurka da Gwamnan Kaliforniya Gavin Newsom ya halarci liyafa a wani gidan abinci na masu hali a Nuwamban 2020, alhali gwamnatinsa tana gargaɗin jama'a a kan taruwa. Mutane da yawa jam'iyyar mai laifi suke fara dubawa kafin su san ko za su yi fushi.

Malamar jinya: Wannan gaskiya ce, Malam, amma son zuciyar masu suka ba ya wanke wanda aka soka. Kuma akwai abin da ya bambanta dokar kulle da sauran dokoki. Babu ƙasar da take da 'yan sandan da za su tsare miliyoyin mutane a gidajensu. Abin da ya riƙe dokar shi ne yardar kowa cewa maƙwabcinsa ma yana ɗanɗana irin wannan ɗaci. Duk lokacin da wani shafaffe da mai ya keta ta, yardar yake tsinkawa, kuma idan ta tsinke mu da muke asibiti muke ganin sakamakon a yawan gadajen da suka cika.

Malamin makaranta: Shi ya sa nake ganin abin dubawa shi ne yadda mutum ya yi bayan an kama shi. Catherine Calderwood, babbar jami'ar lafiya ta Sikotland, ta yi murabus a Afrilun 2020 bayan an gano ta je gidanta na biyu. A Afirka ta Kudu Shugaba Ramaphosa ya dakatar da ministar sadarwa Stella Ndabeni-Abrahams na wata 2 saboda cin abincin rana a gidan wani aboki. A Norwe kuma 'yan sanda sun ci Firaminista Erna Solberg tarar krona 20,000 a 2021, suka ce matsayinta ne ya sa ba za a bar ta da gargaɗi kawai ba, ita kuma ta nemi afuwa ta biya.

Barista: Misalin Solberg ya sa na yi nazari, domin ya ci karo da abin da na faɗa cewa matsayi ba ya ƙara nauyin laifi. Har yanzu ina riƙe da cewa tafiyar Cummings ta farko tana da abin karewa a shari'a. Amma ba zan kare abin da Johnson ya faɗa wa majalisa a Disamban 2021 ba, cewa an bi ƙa'ida gaba ɗaya a Downing Street, tunda kwamitin majalisar da ya binciki maganar, wanda 'yan jam'iyyarsa ne suka fi yawa a ciki, ya tabbatar a Yunin 2023 cewa da gangan ya yaudari majalisa.

Malamar jinya: To Barista, ga tambayar da nake son ka amsa mini a matsayinka na masanin doka. Idan wata annoba ta sake zuwa, gwamnati ta ce kada kowa ya je wurin mahaifiyarsa da ke kwance a asibiti, da wace hujja zan tsaya a bakin ƙofa in hana ɗan da ya tuna abin da aka yi a Downing Street?